FASHIN BAƘI: Shin kuba mai sakata ta dace da mai koyon buɗe kuba ba da makulli ba?

Daga Zawaciki da ke Ƙaramar Hukumar Kumbotso, inda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da Tashar Jiragen Ruwa ta Kan Tudu ta Dala ranar 30 ga Janairu, 2023, zuwa rukunan masana'antu na Challawa da Sharada da Bompai, dukiya mai tarin yawa ce ke kwana a bayan ƙofofin ƙarfe. Akwai ɗakunan ajiyar fata da robobi da hatsi, akwai shaguna da ofisoshi, ga kuma gidajen ma'aikata da suka kewaye su. In an ɗebe maigadi, abu biyu ne ke tsare da wannan dukiya cikin dare: kwaɗo da kuba.

A ɗaya gefen kuma, wayar hannu ta kawo wa jama'a bidiyoyin wasu mutane a Turai da Amurka waɗanda ke buɗe kwaɗo cikin 'yan daƙiƙoƙi da ƙananan ƙarafa biyu. Fitacce a cikinsu shi ne Ba'amurken nan mai tashar YouTube da ake kira LockPickingLawyer, wadda aka buɗe a 2015. Mai shago kan kalli irin wannan bidiyo gabansa na faɗuwa, matashi kuma ya kalla ya ji sha'awar gwadawa. Tambayar farko da ke zuwa wa mai sha'awar ita ce da wace kuba zai fara, kuma sau da yawa idonsa kan sauka a kan kubar ƙofar ɗakinsa, mai kaurin sakata.

Amsar a taƙaice ita ce: ƙarfin sakata ba ya cikin abin da ɗan koyo zai auna. Abin dubawa shi ne zuciyar kubar, wato dunƙulen da makulli ke shiga ya juya. Kuba mai sakata na iya zama mafi dacewa da mai farawa, tana kuma iya zama wadda za ta sa ya watsar da koyon tun ranar farko. Sannan ko ta dace, akwai sharaɗin mallaka da na doka, waɗanda a gari irin Kano suka fi kowane sharaɗi nauyi.

Mece ce kuba mai sakata?

Kubar ƙofa kan zo da ɗayan abubuwa biyu, ko kuma duka biyun. Na farko shi ne harshe mai sifirin, wanda aka fere bakinsa a karkace, ta yadda in an turo ƙofa yakan koma ciki da kansa sannan ya faɗa ramin da ke jikin firam. Na biyu ita ce sakata mai faɗin baki, marar sifirin, wadda ba ta motsi sai an murɗa makulli ko an juya maɓallin cikin ɗaki. Turawa na kiranta da sunan da ke nufin matacciyar sakata, saboda ba ta da motsin kanta, kuma turawa daga waje ba ta mayar da ita.

A Amurka, sakatar kirki kan shiga cikin firam da tsawon inci ɗaya, kimanin milimita 25. A Birtaniya, ma'aunin BS 3621 ya sharɗanta aƙalla milimita 20. Wannan tsawo shi ke sa kubar ta jure duka da ɓanɓara. Sai dai duk kaurinta, sakata umarni take bi. Da zarar zuciya ta juya, za ta janye, ko da makulli aka juya zuciyar ko da wani abu daban.

Yadda zuciyar kuba ke aiki

A nau'in da ya fi yaɗuwa a duniya, zuciyar wani mulmulallen tagulla ce mai tsaga a tsakiya, tana zaune cikin gidanta na ƙarfe. An huda ramuka a jere, galibi biyar ko shida, waɗanda suka ratso daga gidan zuwa cikin zuciyar. Kowane rami na ɗauke da 'yan ƙusoshi biyu marasa kai, ɗaya bisa ɗaya, da ɗan sifirin da ke danne su. Kaurin kowace ƙusa bai cika kai milimita 3 ba.

Ƙusar ƙasa ita ke taɓa makulli, kuma tsawonta ya bambanta daga rami zuwa rami. Ta sama ita ce ke gittawa tsakanin zuciya da gidanta, ta hana juyawa. Idan makullin gaskiya ya shiga, haƙoransa kan ɗaga kowace ƙusa daidai gwargwadon da ake buƙata, har mahaɗar ƙusoshin biyu ta zo daidai da iyakar zuciya da gidanta. A nan ne hanya ke buɗewa.

Mai buɗewa ba da makulli ba yana cin gajiyar ɗan saɓanin ƙira ne. Babu injin da zai huda ramuka biyar a kan layi ɗaya ba tare da kauce wa layin ko da kaurin gashi ba. Saboda haka idan aka ɗan murɗa zuciyar da wani lanƙwasasshen ƙarfe, ƙusa ɗaya ce za ta fara cijewa. Ita ake lalubowa da tsinken ƙarfe a ɗaga, sai zuciyar ta ɗan gusa, wata ƙusar kuma ta cije. Duk gwanintar ta taru ne a kan jin wannan ɗan motsi a yatsa. Kubar da ta dace da ɗan koyo ita ce wadda ke bayyana motsin a fili.

Tsohuwar fasaha, tsohuwar jayayya

Dabarar ƙusoshi masu faɗawa cikin sakata ta daɗe. An san ta a kubobin katako na tsohuwar Masar, kuma har yau ana ganin irinta a ƙofofin rumbunan Dogon da Bamana na ƙasar Mali. Wanda ya mayar da ita ƙaramar zuciyar tagulla mai siririn makulli shi ne Linus Yale ƙarami, Ba'amurke, wanda ya yi rajistar ƙirarsa a 1861 da 1865.

Buɗe kuba a bainar jama'a don gwada ingancinta shi ma ba sabon abu ba ne. A 1851, lokacin babban baje kolin Landan, wani Ba'amurke mai suna Alfred Charles Hobbs ya buɗe kubar kamfanin Chubb, wadda Jeremiah Chubb ya ƙirƙira a 1818, cikin kusan minti 25. Daga nan ya tunkari kubar Joseph Bramah, wadda ta shafe shekaru da dama a tagar shago tare da alƙawarin gini 200 ga duk wanda ya buɗe ta. Ya buɗe ta bayan aikin sa'a 51 cikin kwana 16. Wani littafi kan ƙirar kuba da Charles Tomlinson ya tace aka buga a 1853 ya kare wannan tone-tone da hujjar cewa ɓarayi sun riga sun san lagon kubobi, mai gida ne kaɗai ake bari cikin duhu.

A matsayin wasan sha'awa mai ƙungiyoyi da gasa, abin ya kankama ne a ƙarshen ƙarni na 20. Wata ƙasida ta koyarwa da aka fi sani da sunan jami'ar MIT ta bazu a intanet daga 1991. An kafa ƙungiyar SSDeV a Jamus a 1997, sannan TOOOL a Holan a 2002. Wata ƙungiyar, Lock Pickers United, ta jera kubobi mataki-mataki da launukan ɗamara irin na 'yan karate, daga fari zuwa baƙi. Wannan jeri na nuna cewa masu harkar da kansu sun yarda ba kowace kuba ake farawa da ita ba.

Makulli shi ne shaidar farko

Kafin a kwance ko sukuru ɗaya, makullin kuba na faɗin irin cikinta. Wannan na da muhimmanci a Kano, domin kubobin Kwikset da Schlage da suka cika bidiyoyin Amurka ba su ne suka fi yawa a kasuwar Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa ba.

Siririn makulli mai haƙora a gefe ɗaya, irin na zarto, alama ce ta zuciya mai ƙusoshi. Wannan shi ne ajin ɗan koyo.

Dogon makulli mai zagayayyen jiki da 'yar tuta a baki, irin na tsofaffin ƙofofin katako a ofisoshi da makarantu, na kuba ce mai faranti-faranti da ake ɗagawa. Asalinta na komawa ga Robert Barron na Ingila a 1778. Tana da sakata marar sifirin, amma kayan buɗe ta da dabarar duk daban suke.

Makulli mai 'yan ramuka a faffaɗan jikinsa maimakon haƙora, kamar na Mul-T-Lock da yawancin ƙofofin tsaro da ake shigowa da su daga Sin da Turkiyya, yana buƙatar tsinkaye na musamman. Haka ma makulli mai fuska huɗu kamar alamar tarawa a lissafi, wanda ƙusoshinsa ke kewaye da rami ta ɓangarori da dama.

Makulli mai siffar rabin da'ira da yanka a karkace na kuba ce mai fayafai masu juyawa, ƙirar da Emil Henriksson na Finlan ya fito da ita a 1907, wadda ta zama tushen kamfanin Abloy. Babu ƙusa ko sifirin da za a ɗaga a cikinta.

Akwai kuma kubar Kwikset mai suna SmartKey, wadda a ido ta yi kama da ta gama-gari. Ana gane ta da wata 'yar tsaga a gefen ramin makulli. Cikinta ba ƙusoshi bibbiyu ba ne, don haka darasin farko ba ya aiki a kanta.

Ma'aunai shida na zuciyar da ta dace

Na farko, yawan ƙusoshi. Kwaɗon Master Lock mai lamba 3, wanda masu koyo da dama ke farawa da shi, ƙusoshi huɗu gare shi. Kubar ƙofa kan zo da biyar ko shida. Kowane ƙarin rami ƙarin wahala ne, musamman na can ƙurya inda tsinke ke isa da ƙyar.

Na biyu, siffar ƙusoshin sama. Na gama-gari santala-santala ne. Masu ƙira kan saka wasu na yaudara: akwai mai siririn ƙugu kamar kalangu, akwai mai tsage-tsage a jiki, akwai mai faɗin kai kamar malafa. Mai ƙugun kalangu kan bar zuciya ta ɗan juya kamar za ta buɗe, sai ta tsaya cak. Wanda bai riga ya san yadda ƙusa ta gari ke zama ba, ba zai gane an yaudare shi ba. Kwali mai rubutun da ke nuna kubar na jure tsinke yawanci irin waɗannan ƙusoshi yake nufi, kuma na mataki na biyu ne.

Na uku, faɗin ramin makulli. In an dubi ramin ta gaba aka ga hanya miƙaƙƙiya daga ƙasa zuwa ƙusoshi, tsinke mai kaurin milimita 0.6 zai yi yawo a ciki. In kuwa ramin ya yi gwame-gwame, kamar yadda ake samu a kubobin Turai da dama, sai da tsinke mai kaurin kusan milimita 0.4, wanda ke saurin lanƙwashewa a hannun da bai saba ba.

Na huɗu, jerin haƙoran makulli. Kuba biyu na kamfani ɗaya na iya bambanta ƙwarai. A tsarin Schlage akwai zurfin yanka iri 10, tsakanin kowane biyu kimanin milimita 0.38, abin da ke ba da jeri 100,000 a lissafi ga ƙusoshi biyar. A tsarin Kwikset na gidaje zurfi 6 ne, wato jeri 7,776. Makullin da haƙoransa suka kusa daidaita ya fi sauƙi. Wanda ke da yanka mai zurfi kusa da mariƙi, sannan marar zurfi a bayansa ta wajen baki, yana nufin doguwar ƙusa ta tare gajeriya, kuma isa ga ta bayan ba tare da ture ta gaban ba sai gwani.

Na biyar, ingancin ƙira. Kuba mai arhar gaske, wadda aka zuba da gaurayen ƙarfe mai taushi, takan buɗe da ɗan jijjigawa kawai, mai koyo ya ɗauka ya iya alhali bai ji komai ba. Haka kwaɗon roba mai nuna cikinsa da ake sayarwa tare da tsinkaye: yana da amfani na yini ɗaya don ganin yadda ƙusoshi ke motsi, amma ido yake koyarwa, alhali aikin na yatsa ne. A ɗaya ƙarshen, kubobi irin su Medeco, masu buƙatar a ɗaga ƙusa kuma a juya ta, sun fi ƙarfin mai farawa nesa ba kusa ba. Matsakaiciyar zuciyar tagulla ita ce daidai.

Na shida, ko tana kwantuwa. A nan ne kuba mai sakata ta yi wa kwaɗo fintinƙau.

Inda ta fi kwaɗo, da inda kwaɗo ya fi ta

Yawancin kwaɗuna masu araha a rufe suke ruf, ba a kaiwa ga ƙusoshinsu sai an lalata su. Zuciyar kuba mai sakata irin ta Amurka kuwa, da zagayayyar zuciyar da ake ɗaurawa a fuskar ƙofa irin ta Yale, ana ciro su da sukudireba. A bayansu akwai murfi ko ɗan zobe. In an cire shi, aka sa makulli aka ɗan juya, ana turo zuciyar waje da wani bututu mai kaurinta, wanda zai riƙe ƙusoshin sama kada su tarwatse.

Amfanin wannan shi ne ɗan koyo zai iya kwashe ƙusoshin duka da hantsaki ya bar rami ɗaya. In ya ƙware a ɗaya ya mayar da na biyu, haka har biyar. Daga baya ya sauya jerin, ko ya saka mai ƙugun kalangu guda ɗaya. Kuba ɗaya ta zama aji biyar ko fiye. Sannu ba ta hana zuwa, kuma wannan hanya ce ke hana mutum haddace kuba ɗaya ya zaci ya koyi sana'a.

Fa'ida ta biyu ita ce zuciyar kuba mai sakata ba ta da sifirin da ke mayar da ita baya. A kwaɗuna da yawa akwai shi, kuma yakan dusashe ɗan motsin da ake son ji.

Kwaɗo kuma ya fi ta sauƙin riƙewa da araha. Zuciyar kuba tsirara sai an matse ta a abin matse ƙarfe irin na masu walda, ko kafinta ya ɗaura ta a guntun katako. Har ila yau, kubar da ke ɗaure tana da ɓangaren da take juyawa ta buɗe, hagu ko dama, gwargwadon yadda aka kafa ta, kuma mai koyo na iya gama aiki ya tarar ya juya ta ta ɓangaren kullewa.

Zuciyar da ta fi samuwa a ƙofofin zamani a Kano ita ce irin ta Turai, mai da'ira a sama da doguwar jela a ƙasa, wadda sukuru ɗaya a gefen ƙofa ke riƙe da ita. Ana sayar da ita ita kaɗai, don haka babu buƙatar sayen kuba sukutum. Mai rami ta fuska biyu tana ba da wurin gwaji biyu. Naƙasunta ga mai farawa shi ne ramin ya fi matsewa, kwance ta ya fi wuya saboda haƙorin da ke tsakiya, kuma a ƙofa galibi ƙusoshinta ƙasa suke kallo, saɓanin abin da ake gani a bidiyoyin Amurka.

Lambar daraja a kwali ba ta amsa tambayar

Kubobin Amurka kan zo da daraja ta 1 ko ta 2 ko ta 3 a ma'aunin ANSI da BHMA, ta 1 ita ce mafi ƙarfi. Mafi yawan gwajin ya shafi jure duka da yawan buɗewa da rufewa ne. Kuba mai daraja ta 1 na iya ɗauke da zuciya mai sauƙi, mai daraja ta 3 kuma ta zo da ƙusoshin yaudara. Ga mai sayen tsaro lambar na da ma'ana, ga mai koyo kuwa ba ta faɗa masa komai.

Bugu da ƙari, sunan da aka buga a jikin ƙarfe ba hujja ba ne a kasuwar da jabun kaya ke yawo. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, SON, na da tsarin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su, amma mai saye a tebur ba takarda yake gani ba. Nauyin tagulla a hannu, santsin juyawar makulli, da ƙirga haƙoransa sun fi rubutun kwali gaskiya.

Dalilin da ya sa ba a koyo a ƙofar gida

Ƙungiyar TOOOL da takwarorinta sun ginu a kan ƙa'idoji biyu. Ba a taɓa kubar da ba ta mutum ba sai da izinin mai ita, kuma ba a taɓa kubar da ake dogaro da ita ko da ta mutum ce.

Ƙa'ida ta biyu tana da dalilai na zahiri. Tsinke kan karye a cikin rami. Sifirin kan murƙushe in an danna shi fiye da kima. In zuciya ta juya rabin zagaye babu makulli a ciki, ƙusoshin sama na iya faɗawa cikin tsagar ƙasan ramin, ta maƙale ba gaba ba baya. A ofisoshi da masana'antu masu tsarin babban makulli ɗaya da ke buɗe ƙofofi da yawa, akwai wasu 'yan siraran ƙusoshi na uku da kan zube a irin wannan hali, kubar ta daina karɓar makullinta. Kubobin ƙofar tsaro kuma kan buƙaci zagaye biyu ko fiye kafin sakata ta janye, kuma bayan kowane zagaye ƙusoshin na komawa mazauninsu. Ƙarshen abin shi ne a kira mai walda ya yanka ƙofa.

Ɗan haya ma ya sani cewa kubar ɗakin da yake biya ta mai gida ce. Ma'aikacin sito kuwa, riƙe makulli amana ce da aka ba shi, ba izinin gwaji ba.

Abin da doka ta ce

Dokar Final Kod ta Arewacin Nijeriya, wadda ta fara aiki a 1960 kuma Jihar Kano ta gada, ta lissafa buɗe kuba don shiga wuri ba da izini ba cikin hanyoyin fasa gida. Ba sai an karya komai ba. Ta kuma tanadi hukunci ga wanda aka samu yana laɓe da makullan jabu ko kayan fasa gida da niyyar laifi, da wanda ya ƙera irin wannan makulli don a yi sata da shi. A kudancin ƙasar, sashe na 417 na Kiriminal Kod ya hukunta wanda aka samu da kayan fasa gida cikin dare ba tare da uzuri na halal ba, kuma a kansa nauyin kawo uzurin yake.

A fiƙihun Malikiyya, wanda Dokar Shari'ar Musulunci ta Kano ta shekarar 2000 ta ginu a kansa, ɗaya daga sharuɗɗan haddin sata shi ne a fitar da dukiya daga hirzi, wato ma'ajiyar da aka saba tsare irinta a ciki. Ɗaki ko shago mai kuba na cikin misalan hirzi mafi bayyana.

Ƙasashe sun bambanta a kan mallakar kayan kansu. A Ingila, sashe na 25 na dokar sata ta 1968 ya rataya laifin a kan fita da kayan da nufin yin sata. Japan kuwa ta kafa doka a 2003 da ta hana mallakar tsinkayen buɗe kuba ba tare da dalilin sana'a ko wani dalili na halal ba.

Bayan dokar da ke rubuce, akwai abin da ke faruwa a titi. A unguwannin da ke cike da ɗakunan ajiya da masu gadi da 'yan sintiri, matashin da aka laluba aljihunsa da dare aka ga tsinkayen ƙarfe zai sha wuya kafin ya gamsar da kowa cewa wasa yake koyo. Inda jama'a kan ɗauki doka a hannunsu, ihun ɓarawo kan riga bayani isa. Don haka mazaunin kayan koyo shi ne gida ko shagon sana'a, tare da rasiɗin kubar da makullanta.

Hanya mafi aminci: ƙarƙashin mai sana'a

Masu yankan makulli da gyaran kuba da ke zaune a bakin kasuwannin Kano sun riga kowane bidiyo sanin cikin kuba. A wurinsu ake samun tsofaffin zukatan da aka ciro daga ƙofofi, da tarin ƙusoshi da sifirin na sauyawa. Wanda ya zauna ƙarƙashin maigida a wannan sana'a ya sami kayan gwaji, ya sami mai gyara masa hannu, ya kuma sami wanda zai tsaya masa shaida. Sha'awar na iya zama hanyar abinci, domin ɓatan makulli ba ya ƙarewa.

Mai sayen tsohuwar kuba ya nemi wadda ke da makullinta, ya tabbatar tana juyawa sumul. Ƙurar hunturu kan cika ramukan ƙusoshi, kuma al'adar ɗura baƙin mai ko man gyaɗa na haɗuwa da ƙurar ta zama danƙo. Irin wannan zuciya sai an kwance ta an wanke da kananzir, ta bushe, sannan a sa mata garin bakin fensir kaɗan. In ba haka ba, datti ne mai koyo zai riƙa ji a yatsa a maimakon ƙusa.

Darasi ga mai shago da mai sito

Ma'aunan da ke sa kuba ta dace da ɗan koyo su ne ke sa ta gaza a ƙofar dukiya. Mai ajiyar kaya a Sharada ko Bompai sai ya juya jerin: ƙusoshi shida, na yaudara a ciki, matsattsen rami, da makullin da ba kowane teburi ke yanka irinsa ba.

Duk da haka, tsinke na buƙatar lokaci da natsuwa, guduma da almakashin yanka ƙarfe kuwa ba sa buƙatar ko ɗaya. Zuciya irin ta Turai tana da rauni a tsakiya, wurin ramin sukuru, inda takan karye in an kama bakinta an murɗa. Wannan ne ya sa Birtaniya ta fito da ma'aunin TS 007 mai taurari ɗaya zuwa uku, kuma shawarar masana ita ce kada zuciya ta zarce fuskar ƙofa da fiye da milimita 3. Ƙarfin firam, da waldar da ke riƙe da maratayin kwaɗo, da sanin adadin makullan da ke hannun ma'aikata na yanzu da waɗanda suka bar aiki, duk suna gaba da batun tsinke. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga ɗan koyo kuwa, hukuncin a bayyane yake. Kuba mai sakata ta dace da shi idan makullinta mai haƙoran zarto ne, ƙusoshinta biyar ne santala-santala, raminta a buɗe yake, tana kwantuwa da sukudireba, kuma da kuɗinsa ya saye ta don wannan aiki kaɗai. In ɗaya daga cikin huɗun farko ya ɓace, matsakaicin kwaɗon tagulla mai ƙusoshi huɗu ya fi masa. In kuwa na ƙarshe ne babu, to bai kamata ya taɓa ta ba.